Sandunan da Suka Karkata Zuwa Gida

Da hantsi aka sauko da ita daga dutsen Kurotaki, an ɗaure ta a kan faifan katako, maza suna ja. Malamar makaranta ce daga Sendai. Ta zo hutu da allunanta na zamiya a kan dusar ƙanƙara, ta hau ita kaɗai, hazo ya rufe ta wajen saukowa. A gindin kwazazzabon Ushiro aka tsince ta da karyayyar ƙafa, ta kwana cikin ramin da ta haƙa da hannunta. Har motar asibiti ta tashi magana ɗaya take nanatawa: "Sandunan na bi. Ban kauce musu ba."

Kuma gaskiya ta faɗa.

A Numakura, duk ƙarshen hunturu, in sama ta gaji da zuba, dusar ƙanƙara ta yi taurin da za ta ɗauki mutum, ƙungiyar gari kan kafa sandunan gora masu jan ƙyalle tun daga ƙoƙuwar dutse har bayan gidan wanka. Babu injin da ke kai mutum sama a Kurotaki. Da ƙafarka za ka hau, da dabararka za ka sauko, in hazo ya taso kuwa sandunan nan su ne idonka. Masu ceto sun ga abin da ya faru. Daga babbar bishiyar buna, inda hanya kan yi dama ta gangaro gari, sandunan sun yi hagu, sun miƙe har bakin kwazazzabo.

Kafin rana ta yi tsaka gari ya gama yanke hukunci. Bana Haruomi aka ba kafa sandunan, mutumin Osaka da ya zo ya zauna yana yi wa baƙi jagora, kuma shi ne baƙo na farko da aka taɓa ba wannan aiki. Kowa ya tuna yadda ya tsaya a taron kaka yana cewa a buɗe gangaren hagu, wai masu zuwa yanzu sun fi son wuri mai tsini.

Shigematsu, shugaban ƙungiya, ya iske Genzo yana faskare a bayan gida. Genzo tsohon maharbi ne, ya bi sawun zomo da na beyar a dutsen nan har gwiwarsa ta ce ya isa haka.

"Yaya Genzo, ranar Lahadi za mu zauna. In ba a sami wani mai laifin ba, za mu karɓe wa Haruomi izinin jagora, ya fita daga gidan ƙungiya, mu miƙa sunansa ga 'yan sanda. Dangin matar ba za su yi shiru ba."

"Kun gama, to me kuke nema wurina?"

"Matarsa na da ciki. Ina so in iya kallon ta a hanya." Shigematsu ya sosa ƙeya. "Na hana kowa taɓa sandunan. Je ka duba mana."

Washegari da sassafe Genzo ya manna fatar da ke hana zamewa baya a ƙarƙashin allunansa ya kama dutse. Dusar ta daskare, tana ƙara a ƙarƙashinsa kamar ana tauna ƙanzo. Ruwa ya fara ɗiga daga rassan buna, kowace bishiya ta narkar da ɗan rami a gindinta. Lokacin nan na shekara shi ya fi so tun yana yaro, lokacin da dutse duka kan zama hanya.

A babbar bishiya ya tsuguna. Iska ta yi masa rabin aiki. Inda aka taka, dusa kan danne ta yi tauri, in iska ta share ta gefe sai sawun ya taso sama kamar tabon bulala. Ta dama ga ramukan da aka zare sandunan, bakinsu ya daskare sumul. Ashe da farko daidai aka kafa su. Daga baya wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tumɓuke.

Sawu iri biyu ya gani ban da na masu ceto. Akwai na kanjiki, takalmin nan mai kewaye da maharba ke ɗaurawa. Akwai kuma na allunan zamiya sirara masu tsagi a tsakiya, irin na katako da aka daina yi. Wannan bai rage masa komai ba. Babu gidan da ba a rataye irinsu a zaure ba, Haruomi ma ya sayi wasu yana hawa ranar bikin gari.

Ya bi sandunan ta hagu. Hannunsa yana faɗawa kan kowace daidai, kamar da shi aka auna. Bai san lokacin da ya fara ɗan waƙa a maƙogwaro ba. Nan ce hanyar da ya bi yana yaro, yana bayan Baba Tatsugoro, da buhun shinkafa a goye. A bakin kwazazzabo ya tsaya. Da can gada ce a nan. Zaftarewar ƙasa ta tafi da ita da hanyar duka a shekarar da Genzo ya fara aske gemu, hukuma ta kwaso mutanen ƙauyensu Ushirodani da ke tsallaken ta sauko da su Numakura. A tsallake yana hango ƙofar wurin bauta ta leƙo daga cikin dusa, ita kaɗai ta rage a tsaye.

Ya daɗe a nan fiye da yadda aikin ya buƙata.

Kanekichi kaɗai ke ɗaura kanjiki yanzu, kuma duk gari an san ba ya ƙaunar masu zamiya. Genzo ya same shi yana feɗe zomo a ƙofar rumbu.

"A'a, tsohon kare. Hancin na aiki har yanzu?"

"Ya fi bindigarka aiki. Me ya kai ka gindin buna?"

"Dutsen ubanka ne da zan nemi izini?" Kanekichi ya yarfe wuƙa. "Na je, ban ɓoye ba. 'Yan birnin nan da rigunansu kamar aku sun kore min zomaye, na bi su can."

"A gidan wanka an ji ka ce sai ka ƙone sandunan."

"Na ce ƙonewa. Ka ga toka? Ni Kanekichi in zare gora in ɗauka a kafaɗa in je in sake kafawa a jere? Da wannan bayan nawa? Ko matata ba ta samun wannan hidima."

Genzo ya yi murmushi. Sawun ma haka ya nuna: kanjikin ya ratsa layin ya wuce, bai tsaya a gindin sanda ko ɗaya ba.

"Da ka ratsa, ina suke?"

"A hagu. Na ɗauka ɗan Osaka ya ci galaba a kanku kun buɗe masa gangaren. Har na tofa yawu." Ya koma kan zomonsa. "Amma ka san wani abu? An jera su da kyau. Ban yi zaton yaron ya iya haka ba."

Daga nan ya biya masaukin Sumie, inda malamar ta kwana kafin ta hau. Sumie 'yar Tatsugoro ce, ita ke riƙe da gidan da mahaifin duka tun rasuwar mijinta. Ta kawo masa shayi da ƙyafaffen kayan lambu mai tsami, ta tsaya a kansa ba ta zauna ba.

"Wa ya fita daga gidan nan da sassafe a 'yan kwanakin nan?"

"Baƙi dai, Yaya Gen. Su da ba sa jiran miya ta tafasa."

"Akwai wanda ya tambayi gangaren hagu?"

"Wasu samari biyu daga Tokyo. Sun tafi tun kafin abin ya faru." Ta goge teburin da ba shi da datti. "Ka bincike su mana. Ina da lambarsu."

Daga ɗakin ciki murya ta taso. "Wa ke nan? Gen ne?"

Tatsugoro yana zaune ƙafafunsa a ƙarƙashin teburin ɗumama ƙafa, fuskarsa ga taga. Ya haura tamanin, amma kafaɗunsa ba su rusuna ba. Shi ya kafa sandunan Kurotaki tun kafin a haifi Sumie, har ƙungiya ta roƙe shi ya huta. Jikin yana nan, hankalin ne ya fara tafiya yana dawowa.

"Kai Gen, uwarka ta ce ka kwashe dusar rufin ɗaki, kana nan kana yawon shan shayi."

Uwar Genzo ta daɗe a kabari. "Na kwashe, Baba."

"Ƙarya kake. Kunnenka ya yi ja." Tsohon ya yi dariya har da tari. "Gobe ka zo da wuri. Hazo zai sauko."

Wajen fita Genzo ya sunkuya ɗaura takalmi a zaure. Allunan tsohon na rataye inda suke tun tuni. Babu ƙura a kansu, kuma zauren na ƙamshin kakin da ake shafa musu. Ya ce wa kansa Sumie mace ce mai tsabta. Ya fita bai waiwaya ba.

Samarin Tokyo ba su kai ko'ina ba. Ɗan sandan gari ya kira su, ashe faffaɗan allo guda suke hawa, ba su ma kai babbar bishiya ba.

Ranar Asabar ya je wurin Haruomi. Kwalaye ne jere a tsakar ɗaki, matar tana naɗe kwanuka da jarida, ba ta ɗago ba.

"Genzo-san, shigo," in ji Haruomi cikin ladabi. "Yi haƙuri, babu wurin zama."

"Har ka fara ɗaure kaya?"

"A shago an daina amsa gaisuwata. Jiya an zuba mana dusa a ƙofa har ta toshe." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na yi maganar gangaren hagu, ban musa ba. Amma can sama nake nufi, ba bakin rami ba. Ni na fara isa wurin matar nan. Ni na riƙe mata ƙafa."

"Allunanka na katako fa?"

"Ga su can. Na hau su ranar biki, na faɗi sau uku a gaban yara, kowa ya gani." Ya zauna kan kwali. "Abin da ya fi ba ni haushi, ko kallon aikin ba su yi ba. Ni da igiya da ma'auni nake kafa sanda, a miƙe cir. Waɗancan kuwa duk a karkace suke, kamar mashayi ne ya kafa. Wai ni zan yi wannan?"

Genzo ya ajiye kofin shayin da aka miƙa masa.

"A karkace?"

"Duka. Ba ka lura ba? Kai da aka ce kana ganin sawun ɓera a kan ƙanƙara?"

Bai lura ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kowace da hannunsa, bai ga komai ba, domin a idonsa haka sanda take. A Ushirodani ba a kafa gora a miƙe. Akan karkatar da kanta wajen gida, don wanda hazo ya makantar, in ya lalubo ta, tafin hannunsa ya gaya masa inda zai nufa. Tatsugoro kan ɗaure wa yara ido da tawul ya sake su a dutse, su lalubo hanya har ƙofar uwarsu. Mutanen Numakura ba su taɓa yin haka ba, ko Tatsugoro da ya sauko, a miƙe ƙungiya ke sa shi kafawa. Cikin waɗanda suka koya kuwa, biyu suka rage da rai.

Ya iske Sumie a bayan gida tana shanya zannuwan baƙi. Bai yi wata kwana ba.

"Yaushe kika goge allunan?"

Hannunta ya tsaya a kan igiya.

"Na tashi ban ga Baba ba. Kafin in gama neman takalmi sai ga shi ya shigo, fuska ja, yana murna kamar yaro. Ya ce wani sakarai ya kafa sanduna ba daidai ba, ya gyara. Na ɗauka mafarkinsa ne, Yaya Gen. Sai da aka sauko da matar." Ta juyo. "In aka sani, yayana zai zo ya kai shi gidan tsofaffi a birni. Hawa na shida, taga na kallon wurin ajiye motoci. Ba zai kai bazara ba. Shi ɗan Osaka yaro ne, ko'ina ya je zai ci abinci."

"Da sunan wanda ya kusa kashe mace?"

"To ka ce ba ka gano ba. Wa zai zarge ka? Ka tsufa."

Genzo ya kalli dutsen. Akwai wata hanyar ma da ba ta faɗa ba, shi kuwa tun a hanya yake juya ta. Mutum biyu suka iya karkata sanda. Yana iya cewa shi ne. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, abin da za a karɓe masa kaɗan ne. Haruomi ya tsira, tsohon ya mutu a gaban tagarsa. Har ya ji daɗin tunanin. Amma gobe za a mayar da sandunan dama, wata safiya kuma Tatsugoro zai farka ya ga hazo, ya tuna akwai yara a dutse. Wanda zai bi layin a karo na biyu ba lallai ya iya haƙa rami ba.

"Ki zo da shi gobe," ya ce. "Ba zan kira sunansa ba."

"Shi ya goye ka ranar da gada ta tafi."

"Na sani, Sumie."

Ranar Lahadi ɗakin taro ya cika har ƙofa. Haruomi na zaune shi kaɗai a gefe, an bar tazara tsakaninsa da kowa. Kanekichi ya jingina da bango yana sakace. Can baya Sumie ta shigo riƙe da hannun mahaifinta, ta zaunar da shi kusa da murhu.

Shigematsu ya buɗe taro ya dubi Genzo. Genzo ya ce a fito waje.

A filin gaban ɗakin ya jibge damin gora. "Duk wanda ya taɓa hawa Kurotaki ya ɗauki ɗaya ya kafa."

"Wasan yara ka tara mu?" in ji Kanekichi. "Ni miyata na kan wuta."

"Kafa dai. In ka iya."

Aka yi ta gunaguni ana kafawa. Haruomi ya kafa tasa, ya ja baya ya duba, ya gyara. Shigematsu ya kafa, Kanekichi ya soka tasa da hannu ɗaya. Layi ya miƙe a filin, kowace a tsaye cir. Genzo ya zo ƙarshe ya kafa tasa, kanta ya kwanta wajen arewa.

"Haka na dutsen suke!" wani cikin masu ceto ya ce. "Duk haka suke!"

Aka juyo ana kallon Genzo. Yana jin ana ja da baya daga gare shi, kuma ya san in ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, gari zai yanke sabon hukunci ya huta.

"Kai! Wane sakarai ne ya yi wannan?"

Tatsugoro ne a bakin ƙofa, ya fizge hannunsa daga na 'yarsa. Ya sauko filin da silifas ɗin cikin gida, yana taka dusa kamar saurayi. Ya kama sandar Shigematsu ya tumɓuke, ya sake soka ta, ya danna da tafin hannu har ta kwanta.

"A miƙe! Mutum ya lalubo wannan cikin hazo ta gaya masa me? Ku kashe 'ya'yan mutane kuke so?" Ya wuce ta Kanekichi. "Kai dama ubanka ma bai iya ba." Ya bi layin yana gyarawa yana faɗa, kowace ya kwantar da ita arewa, wajen kwazazzabo, wajen garin da babu kowa. Da ya zo kan ta Genzo ya dafa ta, ya gyaɗa kai. "Gen kaɗai ke da kunne. Rannan ma sai da na hau na gyara na sama duka. Sun nufi da mutane wani wuri can ƙasa. Ni kaɗai, ba wanda ya taya ni."

Ruwa na ɗiga daga rufin ɗakin taro.

Sumie ta zo gaban Haruomi ta durƙusa a cikin dusa, ta kai goshinta ƙasa. Kuka ya ƙwace mata. Haruomi ya rasa inda zai sa hannunsa. Shigematsu ya cire hula ya sunkuya, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har Kanekichi, wanda ya yi nasa yana kallon gefe.

"Me aka yi?" Tatsugoro ya tambaya. "Wa ya mutu?"

Genzo ya cire rigarsa ta sama ya yafa masa. "Ba kowa, Baba. Aiki ya yi kyau. Mu shiga, ƙafarka ta jiƙe."

Yayan Sumie ya zo da mota ya tafi da tsohon kafin dusar kan hanya ta gama narkewa. Genzo bai je sallama ba. Sumie ta aiko masa da allunan, ba ta haɗa da saƙo ba, kuma tun daga ranar in sun haɗu a shago sai ta duba wani wuri.

Shi da Haruomi suka hau mayar da sandunan. Rana ta yi ɗumi, dusa ta yi laushi kamar dafaffiyar shinkafa. A gindin babbar bishiya Haruomi ya ciro igiyarsa da ma'auni, ya dube su, ya mayar aljihu.

"Genzo-san, koya min irin taku."

"Ba wuya. Soka ta, ka danna kanta wajen gida."

Haruomi ya soka gorar ya riƙe. "Ta ina ke nan?"

Genzo ya dubi hagu. Ƙofar wurin bautar ta ƙara fitowa, har ana ganin jan fentin da ya rage a jikinta. Hannunsa ya riga ya fara tashi can. Ya tsayar da shi, ya juya, ya nuna ƙasa, inda hayaƙin gidan wanka ke tashi daga Numakura.

"Can," ya ce. "Danna sosai, kada iska ta mayar da ita."